"Babu Ciniki": Kasuwa Ce Ta Tsaya, Ko Mai Kaya Ne Ya Tare Ƙofa?

Bayan sallar Azahar a Kantin Kwari, rana ta take, layuka sun ɗan lafa. Wani matashi yana kishingiɗe a kan dilar atamfa a bakin shagonsa, idonsa na kan waya. Wata mata da goyo ta tsaya, ta yi sallama, ta nuna wani turmi a sama ta ce, "Malam, wancan nawa ne?" Bai ɗago ba. Ya faɗi kuɗin yana ci gaba da latsa wayarsa. Ta taya, ya ce, "Albarka," bai ƙara cewa uffan ba. Ta ɗan dakata ko zai sauko mata da shi ta taɓa, da ta ga babu alama sai ta gyara goyonta ta yi gaba.

Shago na uku daga nan na wani dattijo ne. Tun kafin ta ƙaraso ya miƙe. "Hajiya, bismillah, shigo daga ciki, ana rana." Ya sa yaronsa ya jawo mata benci, aka kawo ruwa. Ya tambaye ta na fita biki take nema ko na zaman gida, nata ne ko na lefe. Aka warware mata turmi biyar, ta ɗauki ɗaya, kuma ba mafi tsadar ba. Da za ta tafi ya nemi lambarta, ya ce in sababbin zane sun iso kafin azumi zai tura mata hotuna.

Da yamma matashin yana jan ƙofa yana cewa yau ma babu ciniki. Dattijon ya ji, ya kira shi. "Ɗana, zo ka zauna. Atamfar da na sayar wa matar nan, wurin dila ɗaya muka saro ta ni da kai."

Kowace kasuwa a ƙasar Hausa tana da irin wannan dattijo, kuma abin da yake faɗa wa na bayansa ya cancanci a rubuta shi, domin kukan "babu ciniki" ya zama gaisuwar yamma tsakanin masu ƙananan sana'o'i.

1. Kukan yana da tushe

Ba za a ce wa mai kaya ƙarya yake yi ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira a kasuwar canji. Zuwa Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, amma magidancin da ya karɓe shi abinci da kuɗin mota ne suke fara cinyewa kafin a zo maganar atamfa. Tun kafin wannan ma, binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ya nuna ƙanana da matsakaitan sana'o'i sun ragu daga miliyan 41.5 a 2017 zuwa miliyan 39.6 a 2020.

Duk da haka mutane ba su daina saye ba. Ana aure, ana suna, ana ɗinkin sallah, yara suna komawa makaranta. Kuɗin ne ya yi kaɗan, mai shi kuma ya ƙara tsantseni wajen zaɓen hannun da zai danƙa wa. A irin wannan lokaci ne ake gane wanda ya iya kasuwanci da wanda kasuwa ce take ɗauke da shi tun can.

2. A san wanda ake sayar wa

Tambayar farko da gogaggen ɗan kasuwa yake yi wa sabon shiga ita ce: wa kake so ya sayi kayan nan? Mafi yawanci amsar ita ce "kowa da kowa". Wanda ya ce kowa, to bai zauna ya yi tunanin kowa ba. Mai dambun naman da take son ma'aikatan banki su saya a mazubi mai murfi, da wadda take son 'yan makaranta su saya a ƙulli, sana'arsu ɗaya a baki, amma farashi da mazubi da wurin talla da lokacin fita duk sun bambanta. Taura biyu ba ta taunuwa, musamman ga mai ƙaramin jari.

Akwai darasi a tarihin madarar Cowbell. A 1993 kamfanin da yau ake kira Promasidor ya shigo da ita kasuwar Najeriya cikin 'yan ƙananan ledoji, a lokacin da madarar gari a gwangwani aka fi saninta, kuma gwangwanin ya fi ƙarfin aljihun talaka. Kamfanin ya lura cewa leburan da ba zai iya sayen gwangwani ba zai iya sayen ta kofi ɗaya kullum safiya. Ba a jima ba manyan kamfanonin madara suka bi sahu, har abin ya kai ga omo da man goge baki da tumatir. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Iyayenmu mata sun daɗe suna ƙulla gishiri da daddawa da barkono daidai kuɗin cefanen rana, suna auna man gyaɗa a ludayi. Abin mamaki shi ne 'yarsu mai sayar da humra a Instagram ta dage sai babbar kwalba, alhali rabin masu tambayarta ƙaramar da za su gwada suke nema.

Sanin mai saye ya haɗa da sanin lokacinsa. Manomi da kaka yake da kuɗi, lokacin ne yake sayen kwanon rufi da babur, ya yi wa ɗa aure. Ma'aikaci ƙarshen wata. Mai dabino da gero ya san Sha'aban ne watan shirinsa. Telan da ya bari sai goman ƙarshe na azumi sannan ya fara nuna sababbin ɗinkuna ya makara, domin masu yadi sun riga sun kai wa wani.

3. A faɗi kuɗin kaya

Wannan ɗabi'a ta fi kowace ɓata wa masu saye rai a yau. Mace ta ɗora hoton leshi mai kyau a shafinta, mutum ashirin su tambayi kuɗinsa a ƙasa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana cewa a same ta ta akwatin saƙo. Cikin ashirin ɗin nan kaɗan ne za su bi ta can. Sauran sun ɗauka ko kayan ya fi ƙarfinsu, ko kuma za a duba hotonsu ne a yanka musu farashi daidai shigarsu. Sau da yawa zargin na biyu gaskiya ne, kuma masu saye suna zama da juna, suna kwatanta abin da kowa ya biya.

Masu wannan ɗabi'a sukan kare kansu da cewa al'adarmu ta ciniki ce, a taya a ce albarka har a daidaita. Haka ne a cikin kasuwa, inda mai saye yake tsaye a gabanka, kana ganin fuskarsa, in ya juya ka kira shi ya dawo. A waya babu wanda za a kira. Yatsa ɗaya zai ja ya faɗa shafin wata mai irin kayan da ta rubuta kuɗinta ƙarara. Wasu kuma suna tsoron abokan hamayya su ga farashinsu su karya. Ai abokin hamayya ya riga ya sani, ƙanwarsa zai sa ta tambaya. Wanda aka ɓoye wa shi ne mai kuɗi a hannu.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Dokar kare haƙƙin masu saye da ta kafa hukumar FCCPC ta wajabta bayyana farashin kayan da aka baje don sayarwa, kuma a Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda kuɗin da ke rubuce a kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya. Idan farashi yana sauyawa saboda canji, sai a rubuta na yau tare da kwanan wata. Mai saye ya san halin da ake ciki, zai yi uzuri.

4. Cinikin biri a sama

Duk wanda ya tura kuɗi daga Gombe ko Maraɗi zuwa ga mutumin da bai taɓa gani ba a Kano, cinikin biri a sama ya yi. Babban aikin mai sayarwa a waya shi ne ya sauko da birin nan ƙasa. A nan ne masu ƙananan sana'o'i suka fi yi wa kansu illa, kuma a nan ne gyara ya fi sauƙi.

A fara da hoto. Wasu sukan ɗauko hoton doguwar riga daga shafin wani kamfanin Turkiyya ko Dubai su ɗora, sannan su aika wa mai saye abin da telan unguwa ya kwaikwaya da yadi mai araha. An sayar sau ɗaya, amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Matar da aka yi wa haka za ta ɗauki hotunan biyu ta jera su a zauren WhatsApp na danginta da na tsofaffin 'yan ajinsu, mutum ɗari su gani kafin Magariba. Hoton da aka ɗauka da wayar gida, da hasken safiya, a kan farin zane, ya fi amfani nesa ba kusa ba, ko da bai yi ƙyalli ba. Ɗan gajeren bidiyo da aka warware yadin aka juya bayansa ya fi hoto goma. In akwai tabo ko zare ya ja, a nuna a rage kuɗi. Gargaɗin da addini ya yi kan algus da tauye mudu bai tsaya a kasuwar hatsi ba, ya shafi hoton da aka yi wa kwaskwarima har launin kaya ya canza.

Sai asusun banki. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira, ya koya wa har mai shayi da mai kayan miya karɓar tiransifa, na'urorin Moniepoint da OPay suka cika kasuwanni. Amma har yanzu za a ga shafi da suna ɗaya, lambar asusu da sunan wani daban, a ce na miji ne ko na ƙane. Mai saye da ya ga haka gabansa faɗuwa yake yi, kuma yana da hujja. Yin rajistar sunan sana'a a hukumar CAC da buɗe asusu da wannan sunan yana kashe wannan shakka tun daga tushe. Mai kayan ci ko na shafawa kuwa, lambar NAFDAC ce take buɗe masa ƙofar manyan kantuna, domin ba sa karɓar yaji ko zuma da babu ita.

Na uku, alƙawari. In an ce kaya zai tashi ranar Talata, ya tashi ranar Talata. In an ba direba a tasha, a ɗauki hoton kayan da lambar motar a tura, tare da lambar direban. In an samu tangarɗa, mai kaya ya riga mai saye yin magana. Babu abin da yake cin ran mutum kamar ya biya kuɗi, ya ga an karanta saƙonsa, a yi shiru, alhali ana ta ɗora sababbin hotuna.

Akwai abin farin ciki a wannan sabon yayi da bai kamata a wuce shi ba. A da, matar da take sana'a a cikin gida hanya biyu take da ita: dillaliya mai yawo da ƙullin kaya gida-gida tana cin la'ada, ko 'yarta da za ta ɗora wa tire ta fita talla, ta rasa makaranta, ta haɗu da abin da ba a fata. Yau uwa tana iya nuna alkakinta da dubulan ga unguwa guda daga tsakar gidanta, mai babur ya kai, yarinya tana aji. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa maza su taimaka wa matansu su koyi abin da kyau. Dillaliya ta ƙwarai kuma ta san sirrin da 'yan waya suke mantawa: ta san girman kowace uwargida, launin da take so, da watan da adashinta yake fitowa.

5. Littafin abokan ciniki

Dattijon Kwari da ya karɓi lambar matar nan ya yi abin da ya fi komai riba a ranar. Jawo sabon mutum yana cin kuɗi da lokaci, sai an yi talla, an yi bayani, an kawar masa da shakka. Wanda ya taɓa saye ya ji daɗi kuwa, saƙo ɗaya ya ishe shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma kaɗan ne cikin masu shaguna za su iya lissafa mutum ashirin da suka fi saye a wurinsu, da abin da kowanne yake ɗauka.

Littafi mai bango na 'yan makaranta ya wadatar: suna, lamba, unguwa, abin da aka saya, da ranar. Mai turaren wuta ta san kwalba tana kai wata nawa, sai ta gaisa da mai ita dab da ƙarewarsa. Mai gyaran janareto ya san wanda juyen mansa ya yi. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma kyauta ce, tana ba da damar jera kaya da farashinsu da kasa abokan ciniki rukuni-rukuni. Duk da haka a riƙe na takarda. Ranar 4 ga Oktoba, 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A watan Satumbar shekarar aka katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da ita na tsawon makonni. Twitter kuwa an rufe shi a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ban da wannan, kullum ana sace wa mutane shafi ko a kulle shi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Riƙe lamba amana ce. Jefa mutum cikin zauren talla ba tare da izininsa ba, ko tura masa hoto arba'in da tsakar dare su cinye masa data, korar sa ake yi.

A nan ne kuma gyara take da muhimmanci. Mai awo da ya ƙara ɗan tafi bayan an cika mudu, mai tsire da ya ɗora yanka biyu a kai, ba asara suke yi ba, gobe suke saye. Haka ma wanda ya dawo da ƙorafi. Yawancin waɗanda aka ɓata wa rai ba sa dawowa su faɗa, sauya shago kawai suke yi. Wanda ya tako ya ce takalmin ya ɓalle a kwana uku ya ba mai kaya damar gyara sunansa, kuma in aka canza masa ba tare da musu ba, shi ne zai riƙa kawo abokansa.

6. Ina kuɗin talla yake tafiya?

Yanzu yayi ne a biya jarumin Kannywood ko wata mai tashe a TikTok ta ɗaga kaya ta yaba. Wani lokaci yana aiki. Amma mabiyan tauraron nan suna warwatse ne daga Kumasi zuwa Jidda, da yawansu kuma nishaɗi suka zo kallo. Mai gidan abinci a unguwar Hotoro ba ta da abin da za ta yi da mai kallo a Khartum. Wanda take buƙata yana cikin ofisoshi da makarantu da asibitocin da ba su fi tafiyar minti goma daga tukunyarta ba. Ta dafa kula biyu ta kai musu ɗanɗano kyauta da takarda mai lambarta, zai fi mata. Mai kilishi ya daɗe da sanin haka, shi ya sa yake fara miƙa ɗanɗano kafin a yi maganar kuɗi. Gani ya kori ji.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauka ribar kwalbar yaji naira 500 ce, aka kashe naira 50,000 a talla. Sai an sayar da kwalba 100 kafin kuɗin tallar ya dawo. Hanyar sanin ko ya dawo ita ce a tambayi duk sabon mai saye a ina ya ji labari, a rubuta. Bayan wata biyu littafin zai nuna ko rediyo ce take kawo mutane, ko shafi, ko bakin wata abokiyar ciniki guda da ya kamata a aika mata da tukwici.

Rediyo ba ta mutu ba. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003 tashoshi masu zaman kansu suka yawaita, kuma mai sayar da taki ko maganin feshi ko injin ban ruwa zai fi samun manomi ta nan fiye da Instagram. Bajekolin da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kano da Kaduna suke shiryawa duk shekara kuma wuri ne na haɗuwa da masu sari. In kuɗin rumfa ya yi yawa, mutum uku su haɗa su kama ɗaya.

7. Yaron shago

Duk abin da aka lissafa a sama yana iya rushewa a hannun mutum ɗaya, wato wanda aka bari a shago ko aka ba wayar amsa saƙo. Maigida ya kashe kuɗi ya jawo mutane, su zo su tarar da yaron da ba a koya masa gaisuwa ba, bai san bambancin kayan da ke gabansa ba, kuma an yi wata biyu ba a sallame shi ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma da wuya a same ta wurin mai jin yunwa.

Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro daga Gwanja ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano kasuwar gyaɗa ta buɗe, ya zama babban mai saye, kuma ƙarfinsa yana ga wakilan da ya baza ƙauyuka da jarinsa a hannunsu. Manomin da ke can nesa bai taɓa ganin Ɗantata ba, wakilinsa ya sani, kuma halin wakilin ne yake sa ya kawo gyaɗarsa ko ya kai wa wani. Tsarin maigida da yaransa, inda ake ɗaukar yaro a koya masa ciniki shekaru sannan a yaye shi da jari, shi ya gina kasuwannin Kurmi da Kwari da Singa da Dawanau. Yanzu yana rauni, saboda matasa da dama suna buɗe shago ne da kuɗin da iyaye suka haɗa musu ba tare da sun zauna a gaban kowa ba.

Ƙungiyoyin kasuwanni suna karɓar kuɗin shara da na gadi a kowane layi, suna da ofis, suna da lasifika. Ba zai gagare su ba su ware safiya ɗaya a wata, kafin a buɗe shaguna, dattawan layi su zauna da sababbin shiga a kan karɓar baƙo da riƙe littafi da sasanta ƙorafi, matasan kuma su nuna wa dattawan yadda ake jera kaya a waya da yadda ake tabbatar da kuɗi sun shiga asusu kafin a saki kaya. Mata masu sana'a a gida suna da wuraren haɗuwarsu tuni, a Islamiyya da wurin zubin adashi, kuma cikinsu akwai waɗanda suka shekara ashirin suna sayar da abu ɗaya ga gidaje ɗaya, waɗanda za su iya ɗaukar wannan darasi in aka ba su rabin awa bayan an tashi karatu.